Dirhami a Gonar Bature

Idan kana zaune a Ingila, kuma ka taɓa fita bayan gari da sanyin safiyar Lahadi bayan an cire amfanin gona, da wuya a ce ba ka taɓa hango su ba. Mutum ɗaya ko biyu a tsakiyar fili, sun sha rigunan sanyi, abin sauraro a kunne, shebur a hannu, suna tafe a hankali suna kaɗa wata sanda mai faifai a baki, dama da hagu, kamar mai sharar tsakar gida da ba ya son ta da ƙura. Ranar da na fara ganinsu ta tagar jirgin ƙasa na ɗauka ma'aikatan ruwa ne ke neman inda bututu ya fashe. Ashe masu neman tsofaffin kuɗi da kayan ado ne da na'urar gano ƙarfe, kuma ba wanda ya aike su. Sha'awa ce kawai, kamar yadda wani ke kiwon tattabaru.

Na daɗe ina yi musu kallon waɗanda suka ƙoshi suka rasa abin yi. Wanda ya sa na janye wannan magana wani dattijon Bature ne da muke aiki tare, ya kusa ritaya, mutum marar yawan surutu. Ya san ina salla, don yana ganina ina ɗaukar darduma da azahar. Wata Litinin muna shan shayi sai ya ciro wani ɗan akwatin roba daga aljihu, ya buɗe, ya turo min, ya ce ko zan iya karanta masa abin da ke ciki. A kan auduga akwai ɗan guntun ƙarfe da bai kai farcen babban yatsa ba, siriri, ya yi baƙi-baƙi, gefe biyu an datse shi da abu mai kaifi. Ya ce a wata gona ya tono shi a yankin Lincolnshire, zurfin bai wuce taƙi guda ba.

Na kai shi bakin taga. Rubutun Kufi ne, ba ɗigo ba wasali, haruffan a tsaye ƙyam kamar an jera tsinkaye. Wanda ya yi karatun allo ya san hannun nan mai kauri na alarammominmu, saboda haka idona bai yi baƙunta sosai ba. Na ga lam'alif, na ga sunan Allah, na gane wani yanki ne na kalmar shahada. Ɗan'uwa, tsigar jikina sai da ta tashi. Ka baro gida, ka zo ƙasar da kake ganin ba ka da ko tsinke a tarihinta, sai ga shahada ta fito daga ƙarƙashin gonar wani, inda ta kwana fiye da shekara dubu.

Sai na yi irin tamu. Na ce masa ya ba ni in je da shi gida, akwai lemun tsami, in samu ɗan toka in goge shi tas, gobe mu karanta sauran. Bai ce uffan ba. Hannu kawai ya miƙo ya rufe akwatinsa ya mayar aljihu, sai ka ce jaririnsa na ce a ba ni in yi wa wanka da kanwa. Zan dawo kan wannan. Bari mu fara da yadda aka yi dirhami ya zo nan.

Sunan dai ba baƙo ba ne a wurinka. Duk wanda ya zauna gaban malami ya ji cewa nisabin zakkar azurfa dirhami 200 ne, na zinariya dinari 20, mafi ƙarancin sadaki kuma a mazhabarmu rubu'in dinari ko dirhami uku. Mun haddace tsaf. Amma kakanninmu da wuri suka yi ciniki, mu kuma muka tashi a kan naira ko sefa ko sidi, don haka galibinmu ba mu taɓa riƙe dirhamin a hannu ba. Ni ma a ranar na fara, kuma Bature ne ya miƙo min.

A farkon Musulunci, Musulmi da kuɗin maƙwabta suke ciniki: dinarin Rumawa mai hoton sarkinsu da gicciye, da dirhamin Farisa mai hoton Kisra da wurin bautar wuta. Aka yi ta kwaikwayonsu ana ƙara 'yan kalmomin Larabci a gefe, har zamanin Halifa Abdulmalik ɗan Marwan. A shekara ta 77 bayan hijira, wato 696 zuwa 697, ya fitar da dinarin da babu hoton komai a jikinsa sai rubutu zalla, bayan shekara biyu dirhami ya biyo baya. Dinari giram huɗu da kwata, dirhami ɗan ƙasa da giram uku. A tsakiyar dirhami akwai shahada, a kewayen fuska ɗaya aya ta 33 ta Suratut Tauba, a kewayen ɗaya fuskar kuma sunan garin da aka buga shi da shekarar da aka buga. Wannan na ƙarshe shi ke sa masana tarihin Turai rawar jiki in an tono dirhami. Kuɗin sarakunan Ingila na wancan zamani suna ɗauke da sunan sarki da na maƙerin da ya buga, amma babu shekara. Dirhami kuwa da takardar haihuwarsa yake yawo. In aka same shi a cikin tukunya, an san ba a binne tukunyar kafin shekarar da ke jikinsa ba.

Waɗanda suka kawo shi Ingila su ne mutanen da Turawa ke kira Baikin, 'yan ƙasashen da yau ake ce wa Suwidin, Nowe da Danmak. Maƙwabtansu na kudu "mutanen Arewa" suke ce musu, don haka in ka ji na ce 'yan Arewa kada ka tsargu. Fina-finai sun nuna su a matsayin mahara masu gatari, kuma harin sun yi shi, tun daga wanda suka kai gidan ibadar Lindisfarne a 793. Amma fa fatake ne na gasken gaske. Waɗanda suka nufi gabas sun bi kogunan ƙasar Rasha ta yau, inda ruwa ya yanke su ja jirgi a tudu har su faɗa wani kogin, har suka kai kasuwannin kogin Bolga. Larabawa suka sa musu suna Rus. A shekarar 921 Halifa Muƙtadir ya tura tawaga daga Bagadaza zuwa ga sarkin Bulgar na bakin Bolga, wanda ya aiko yana neman malamai da taimako. A cikin tawagar akwai Ahmad ɗan Fadlan. Suka isa a 922, ya ga waɗannan Rus da idonsa, ya rubuta. Ya yaba tsayinsu da ƙirar jikinsu, ya yi tir da ƙazantarsu, ya kuma ce matansu na sa wani irin ƙarfen wuya na azurfa ko zinariya, kowane ɗaya alama ce mijin ya tara dirhami dubu goma. Ka ga ke nan lissafin arzikin miji a wuyan mata ba a kanmu aka fara ba.

Me suke kaiwa kasuwar? Fatun dabbobin ƙasar sanyi masu laushin gashi, da takubba, da zuma da kakinta. Da bayi. Wannan ba wurin da za a tsallake ba ne. Kaso mai tsoka na azurfar nan kuɗin mutane ne, maza da mata da aka kamo daga ƙauyukan gabashin Turai aka gangara da su kasuwannin Musulmi. Mu da muka fito daga ƙasar da aka yi cinikin bayi a kasuwanninta har farkon ƙarni na 20, ba ma bukatar dogon sharhi. Duk lokacin da na tuna daɗin da na ji a bakin tagar nan, nakan kuma tuna cewa guntun da na riƙe mai yiwuwa canjin cinikin 'yar wani ne.

Yawan azurfar da ta haura arewa ta wannan hanya abin mamaki ne. A tsibirin Gotland na Suwidin, a wata gona mai suna Spillings, na'urar gano ƙarfe ta kai ga wata ajiya a 1999: azurfa kilo 67, ciki har da sulalla fiye da 14,000, kusan dukkansu na ƙasashen Musulmi. An binne ta wajen 870. Bayan nan ma abin ƙaruwa ya yi, lokacin da gidan sarautar Samaniyawa masu zama a Buhara suka riƙa haƙo azurfa a duwatsun Afganistan da kewayen Tashkent, suna buga dirhami a Samarƙandi da Shash da Balhu. Garuruwan da mu muke jin sunansu a nasabar malaman hadisi, su 'yan Arewan Turai a jikin kuɗi suka ci karo da su.

Sai dai ko harafi ɗaya ba su iya karantawa ba, kuma bai dame su ba. Su azurfa suka saya. Ba sa ƙirga sulalla, aunawa suke yi. Kowane falke da ɗan ma'auninsa mai naɗewa da duwatsun awo a jaka. In ciniki ya kama rabin dirhami, a sa wuƙa a raba shi. In munduwa ta yi nauyi, a sare ta. In ana shakkar azurfar, a soke ta da tsinin wuƙa a ga ko dalma aka lulluɓe. Shi ya sa na abokina ya zo a datse, ɓarin da ke ɗauke da gari da shekara kuwa ya bi wani cinikin daban.

To, Ingila. A 865 wata babbar rundunarsu ta sauka a gabashin ƙasar, wannan karon da niyyar zama. Suka ci birnin Yok a 866. Littafin da mutanen ƙasar ke rubuta abin da ya faru shekara-shekara ya ambaci cewa rundunar ta yi zaman hunturun 872 zuwa 873 a wani wuri mai suna Torksey, a bakin kogin Trent. A taƙaice ya faɗa, ya wuce. Aka shekara fiye da dubu ba wanda ya san takamaiman filin, don babu ganuwa babu kufai. Sansani ne aka kafa, aka tashi.

Na'urar nan ce ta tona asirin wurin. Faifan da ke bakin sandar naɗin waya ne da lantarki ke bi, yana tura maganaɗisu cikin ƙasa. In ya tarar da ƙarfe, ƙarfen ya mayar da amsa, sai mai ita ya ji ƙara a kunne, kuma ƙarar baƙin ƙarfe daban take da ta azurfa. Alexander Graham Bell, mai wayar tarho, ya gwada irinta a 1881 don neman harsashi a jikin shugaban Amurka James Garfield, bai dace ba. A yaƙin duniya na biyu wani hafsan ƙasar Foland, Józef Kosacki, ya ƙera wadda sojoji suka nemi nakiyoyi da ita a saharar Masar a 1942. Sai wajen shekarun 1970 ta yi araha da rashin nauyi har ta cika hannun 'yan sha'awa. Kuma kada ka ɗauka kullum sallah ce. Abokina ya ce yawancin abin da yake tonowa murfin kwalba ne da ƙusa da gwangwani.

Daga shekarun 1990 masu na'ura suka riƙa tsintar ƙananan abubuwa a wasu gonaki arewa da ƙauyen Torksey: guntayen dirhami fiye da ɗari, duwatsun awo, 'ya'yan dara na dalma, ɓarɓashin azurfa da zinariya, allurai, har da gululun mazari. Kowane ɗaya in ka ɗauke shi shi kaɗai, ba zai saya maka buhun shinkafa ba. Amma da wasu masana biyu, Dawn Hadley da Julian Richards, suka haɗa kai da masu na'urar aka sa kowace tsintuwa a taswira daidai inda ta fito, sai sansanin ya bayyana. Faɗinsa hekta 55, ya fi galibin garuruwan Ingila na lokacin. Dubban mutane ne, da mata da maƙera da 'yan kasuwa, suna dara suna jiran sanyi ya wuce. Wasu dirhaman a shekarun 860 aka buga su, wato cikin 'yan shekaru kaɗan suka ratso daga ƙasashen Musulmi har tsakiyar Ingila, ba mota ba jirgin sama. Duk wannan daga sanin inda aka tsinci abu ya fito. Waɗanda aka tsinta aka sayar ba tare da an rubuta wurin ba, sun fita daga labarin ke nan.

Akwai kuma masu tsintar dami a kala. Ranar 6 ga Janairun 2007, David Whelan da ɗansa Andrew suna yawo da na'urorinsu a wata gona kusa da Harrogate, suka ji ƙara. Suka tona, suka tarar da ɓaraguzan dalma, sai ga wani ɗan kwano cike maƙil, sulalla na leƙowa ta cikin ƙasa. Ka tambayi kanka tsakani da Allah me za ka yi. Ni dai na san da zazzage shi zan yi a kan tabarma in fara ƙirge. Su ba su zazzage ba, ba su wanke ba. Suka kai rahoto, aka kai kwanon Gidan Tarihin Birtaniya da ke Landan yadda yake, ma'aikata suka kwashe abin da ke ciki hawa-hawa. Sulalla 617, da awarwaki da sandunan azurfa, da munduwar zinariya guda. Kwanon kansa na azurfa ne mai ruwan zinariya, ƙirar yankin Faransa ta ƙarni na 9, da alama kayan coci ne da aka washe ko aka bayar don a zauna lafiya. Dirhaman ciki ba su kai ashirin ba, akwai na Samarƙandi a cikinsu. Akwai kuma sulen Sarki Athelstan da ke kiran kansa sarkin Birtaniya baki ɗaya, laƙabin da ya ɗauka bayan ya ƙwace Yok a 927. Daga nan aka gane lokacin binnewa, 927 ko 928. Wani mai hali ne ya ga mulki ya sauya hannu, ya binne dukiyarsa kafin ƙura ta lafa, Allah bai nufe shi da dawowa ba. An yi wa ajiyar kuɗi fam 1,082,800, gidan tarihi na Yok da na Landan suka haɗa hannu suka saya a 2009, aka raba kuɗin tsakanin matsinta da mai gona.

Tunda muna kan wannan, bari in taɓo wani saƙo da ke yawo a WhatsApp duk bayan 'yan watanni, wai wani sarkin Ingila ya musulunta a ɓoye, ga hujja a kuɗinsa, Turawa sun danne labarin. Kuɗin dai gaskiya ne, kuma ba wanda ya ɓoye shi, yana nan a Gidan Tarihin Birtaniya. Dinarin zinariya ne na Offa, sarkin Mercia a tsakiyar Ingila daga 757 zuwa 796, ɗauke da shahada da Larabci. Amma ka dube shi da kyau. Kwafin dinarin Halifa Mansur ne na shekarar 157 bayan hijira, maƙerin ya kwafi har shekarar, ya yi kurakurai a Larabcin, sannan ya cusa OFFA REX, wato Sarki Offa, a tsakiyar layukan a juye, kai ƙasa. Bai ma san ina ne sama ba. Offa kuwa mutumin coci ne, shi ya matsa har aka ɗaga darajar limamin cocin Lichfield a 787, ya kuma yi wa Paparoma alkawarin zinariya duk shekara, kuma a birnin Rum aka fara ganin wannan dinari a ƙarni na 19. Abin da ya faru shi ne, a lokacin dinarin Abbasiyawa ne zinariyar da 'yan kasuwar tekun Bahar Rum suka amince da ita, kamar dalar Amurka a yau. Duk mai son a karɓi zinariyarsa ba musu, sai ya sa ta yi kama da ta Bagadaza. Ni a ganina wannan ya fi labarin musuluntar ɓoye nauyi, kuma shi gaskiya ne. In saƙon ya sake zuwa maka, kada ka tura wa 'ya'yanka, don malamin makarantarsu zai ƙaryata shi cikin minti biyu, su kuma su fara shakkar sauran abin da ka faɗa musu.

In sha'awar ta kama ka, ko ta kama yaronka, ga abin da ya kamata ka sani kafin ka sayi na'ura. A Ingila babu filin da ba shi da mai shi, ko filin wasan unguwa na wata hukuma ne, sai da izini. Wuraren tarihi da doka ta keɓe kuwa, shiga da na'ura ba tare da takardar izini ba laifi ne. Dokar 1996 ta ce in ka tono abin zinariya ko azurfa da ya haura shekara 300, ko sulallan zinariya ko azurfa biyu zuwa sama daga wuri ɗaya masu wannan shekaru, to kana da kwana 14 ka sanar da korona. Ba cutar ba, wani jami'in shari'a ne mai wannan suna, wanda kuma shi ke binciken mutuwar da ba a gane dalilinta ba. In gidan tarihi na so, a yi wa abin kuɗi a biya, galibi rabi naka rabi na mai gona. Sule guda ɗaya, irin guntun abokina, yawanci bai shiga wannan doka ba, amma akwai tsarin kai rahoto na ganin dama tun 1997, wanda ya zuwa yanzu ya rubuta abubuwa fiye da miliyan ɗaya da rabi. A Sikotland kuwa dokar ta fi tsauri, duk abin tarihin da ka tsinta sai ka kai rahoto.

Da na karanta wannan sai na tuna babin rikazi. Malamanmu sun ce dukiyar da mutanen jahiliyya suka binne, wanda ya same ta zai fitar da humusi. In kuwa akwai alamar Musulunci a jikinta, hukuncin tsintuwa ta ɗauka, a yi cigiya shekara guda. To dirhami mai shahada, wanda mai bautar gumaka ya datse ya yar a ƙasar Kirista shekara dubu da ɗoriya da suka wuce, wane babi ya faɗa? Wannan na bar wa malamai. Amma ta ko'ina ka ɓullo, ba a tsinta a yi shiru.

Wasu sun gwada yin shirun. A 2015 mutum biyu suka tono wata ajiyar Baikin kusa da Leominster, a yammacin Ingila, suka ƙi sanarwa, suka fara sayarwa a bayan fage. 'Yan sanda suka dawo da hotunan da aka goge a waya, aka ƙiyasta sulalla wajen 300 ne, amma kimanin talatin kawai aka samu a lokacin. A 2019 kotu a Worcester ta ɗaure ɗaya shekara goma, ɗaya takwas da rabi, daga baya aka rage musu a ɗaukaka ƙara. Abin takaicin, a cikin sulallan akwai masu hoton sarakuna biyu zaune kafaɗa da kafaɗa, waɗanda Alfred na Wessex da Ceolwulf na Mercia suka buga iri ɗaya, alhali tarihin da aka rubuta a ɓangaren Alfred ya nuna Ceolwulf a matsayin wawan ɗan amshin shatan Baikin. Shaidar da za ta wanke mutum bayan shekara dubu ce aka watsar a hannun dillalai. Da sun bi ƙa'ida, da rabonsu halal ya fi abin da suka samu nesa ba kusa ba.

Yanzu mu koma kan toka da lemun tsami. Mu haka muka tashi. Iyayenmu mata kan zauna da toka da tsamiya su goge tasa da kwanon tagulla har ka ga fuskarka, kuma a wurinmu ƙyalli shi ne tsabta. Ga tasar ɗaki wannan daidai ne. Baƙin da azurfar gida ke yi daga sinadarin farar wuta da ke cikin iska yake, kuma a sama-sama yake. Wadda ta daɗe a ƙasa kuwa, gishirin ƙasa ya shige ta ya ci. Ɓawon nan mai launin toka ba datti ba ne da ya manne, azurfar ce kanta ta rikiɗe, kuma sau da yawa a cikinsa haruffan suke. Ka goge shi, ka goge rubutun. Ga shi kuma tsohuwar azurfa na yin gautsi, ka ɗan matsa ta ɓalle. Tagulla ma haka. Koren nan mai santsi da ke jikinta shi ke kare ta, in ka jiƙa ta a lemun tsami ko ruwan tsami sai ka fito da jan ƙarfe mai ramuka kamar fuskar da agana ta ci. Koren da ake tsoro shi ne mai haske mai gari-gari, wanda ke ci gaba da cin ƙarfen, kuma shi ma aikin ƙwararru ne. Dabarar nan da ake yayatawa ta takardar alminiyam da hodar soda da ruwan zafi, a bar ta ga cokula da sarƙar biki. Garin neman gira ake rasa ido.

Ka san da me aka goge ajiya mafi girma ta zinariyar Ingilishin farko da aka taɓa samu? Ita ce wadda Terry Herbert ya tono da na'urarsa kusa da Lichfield a watan Yulin 2009, zinariya wajen kilo biyar, gutsattsari fiye da 3,500, yawancinsu adon ƙotar takubba na ƙarni na 7, aka yi mata kuɗi fam 3,285,000. Zinariya ba ta tsatsa, amma tana da taushi, tsinken ƙarfe na iya karce ta. Sai ma'aikatan gidan tarihin Bamingam suka koma ga ƙaya. Ƙayar itace, irin wadda muke zarewa a ƙafa. Suna zaune gaban madubin ƙara girma suna cire ƙasa ƙwaya-ƙwaya da tsininta, aka ɗauki shekaru ana yi, ƙasar da aka cire ma ba a zubar ba, aka adana don bincike. Abokina da ba ƙwararre ba, abin da yake yi bai wuce haka ba. In yana zaton abin na rahoto ne, ko ruwa ba ya sa masa. In sule ne na yau da kullum, ruwa mai tsabta da burushi mai laushi da tsinken sakace, ya bar shi ya bushe, ya sa a akwati, ya rubuta gona da rana.

Duk wannan daga baya na sani. Washegarin ranar da ya rufe min akwati, sai na ce bari ni ma in nuna masa nawa. Ina da wani kwabo mai huda da na zo da shi daga gida, na cikin gwangwanin da mahaifina ke ajiye takardunsa. Tauraro mai tsini shida a baya, kambin sarauta a gaba, ga Larabci a ƙarƙashin hudar, shekarar 1936. Ya sa tabarau ya karanta sunan da ke kewaye, ya yi shiru. Edward na Takwas ne, sarkin da ya yi murabus a watan Disambar 1936 kafin a fitar da kuɗi mai sunansa a Ingila. Mu kuwa a Afirka ta Yamma kwabonmu da hudarsa ba ya bukatar hoton sarki, sai aka buga da sunansa aka aiko mana, har da ɗari da anini. Ba shi da wata tsada, an buga su da yawa. Amma mutumin nan ya shekara ashirin yana tonon gonakin ƙasarsa bai taɓa riƙe kuɗi mai sunan wannan sarki nasu ba, sai ga shi daga gwangwanin Bahaushe.

Ya kai shi bakin taga kamar yadda na kai nasa. Ya karkata shi, haske ya bi ta kansa, sai ga zane-zane sirara ko'ina kamar an ja kaza a kan yashi. Ya ce wa ya yi masa haka? Na ce ni ne, jiya da daddare, da soson ƙarfe, don kada in kawo masa abu da datti. Ya daɗe yana kallona ta saman tabarau. Sannan ya laluba aljihu ya ciro wani ɗan akwatin roba fanko mai auduga a ciki, ya kwantar da kwabon, ya rufe, ya miƙo min.